Rabin Wa'adin Hiltrud Direba

In ana lissafa 'yan siyasar da ƙauyenmu Erlenrode ya fitar, ba a cika sa sunan Hiltrud Sauerbier ba, ita ma ba ta taɓa ta da jijiyar wuya a kan haka ba. Siyasarta kaf shekara biyu ce. Tuƙin bas kuwa ta fi shekara talatin tana yi, tana kwasar 'yan makaranta da tsofaffi masu zuwa ganin likita zuwa babban garin gunduma, ta dawo da su. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, sai ta ɗora matashi a kan kujerar direba kafin ta ga hanya da kyau, amma muryarta tana kaiwa kujerar baya ba tare da ta juyo ba. Duk wanda ya girma a ƙauyen nan ya taɓa cin faɗanta, yawancinmu kuma mun taɓa cin alawar da take ajiyewa a aljihun rigar sanyinta.

Hanyar da take bi siririya ce, itatuwan tuffa sun yi mata layi hagu da dama tun daga bakin ƙauye har gada. Kakanninmu suka dasa su, kuma tun zamaninsu kowane gida da itacensa, an shafa masa alamar fenti a gindi. In kaka ta yi sai ka ga tsani a jingine ko'ina, yara suna tsinta, manya suna musu a kan wanda nasa ya fi 'ya'ya. Itacen gidan su Hiltrud yana daidai babbar kwana, shi da wasu guda biyu, kuma shi ne mafi girma a duk layin. A kansa ta koyi hawa, a kansa ta karya hannu tana 'yar shekara takwas, a gindinsa kuma Ottmar, wanda ya zama mijinta, ya fara yi mata magana, yana riƙe mata tsani yana in-ina.

Ba da niyya ta shiga siyasa ba. Wata safiya a farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin ta hau gada da bas, ta leƙa rafi kamar yadda ta saba, sai ta ga kifaye sun yi fari fat, ciki sama. Wata masana'antar jima da ke can sama ce ta saki abin da ta saki. Ta tsayar da bas a kan gadar, ta sauko ta tsaya tana kallo, har tsofaffi suka fara ƙwanƙwasa gilashi. Ran nan kowa ya makara, babu kuma wanda ya iya buɗe baki ya yi mata ƙorafi.

Bayan sati guda aka kira taro a ɗakin baya na gidan abincin ƙauye. Wadda ta kira shi malamar makaranta ce, Gundula, 'yar birni da ta zo mana da keke da kwalin littattafai da amsar kowace tambaya. Hiltrud ta je ne kawai ta zage wanda za ta zage ta koma gida. Ta tarar da samari masu dogon gashi suna saƙa rigar sanyi, da manoma biyu da suka zauna kusa da ƙofa don gudu ya yi sauƙi. Kafin a tashi an kafa Ƙungiyar Rafi, an kuma yanke cewa za a tsaya zaɓen majalisar ƙauye. Da aka zo batun wa za a sa a saman jerin 'yan takara, kowa ya juyo ya dube ta.

"Ni? Ku kuna da karatu," in ji ta.

Gundula ta ce, "Mu muna da karatu, ke kina da mutane. Babu gidan da ba ki taɓa yi wa ɗansa tsawa ba."

A wannan taron ne Gundula ta kawo ƙa'idar da ta zama labarinmu. Ta ce kujera tana lalata mutum, in ya daɗe a kai sai ya fara zaton da ita aka haife shi. Saboda haka duk wanda ya ci a ƙarƙashin ƙungiya zai yi rabin wa'adi ne kawai, shekara biyu cikin huɗu, sannan ya sauka ya ba na bayansa a jeri. Doka ba ta ce haka ba, alkawari ne tsakaninsu. A lokacin irin wannan tsari yana tashe a wurin masu rajin kare muhalli, kowa ya tafa. Hiltrud ma ta tafa, don ba ta yi tsammanin za su ci ko da kujerar mai shara ba.

Suka ci kujera ɗaya cikin goma sha ɗaya. Da ta dawo gida Ottmar ya miƙe tsaye daga kan miyar dankalinsa, ya rusuna.

"Ranki ya daɗe, minista. A zubo miki, ko sai an ɗanɗana tukuna?"

"Zauna kafin bayanka ya riƙe, in rasa mai wanke-wanke," in ji ta.

Abin da bai zo wa kowa a rai ba, har ita kanta, shi ne aikin ya yi mata daɗi. Majalisa tana zama a saman gidan 'yan kwana-kwana, ɗaki mai warin tiyo da tsohuwar gahawa. Magajin gari Dippel, wanda suka yi benci ɗaya a firamare kuma ta sha yi masa aikin lissafi, a can sai ya gyara tabarau ya kira ta da laƙabin "Frau", wato uwargida, ya ce, "Frau Sauerbier tana da magana." Ita kuma ta ce, "Na gode, mai girma magajin gari," suna saukowa matakala ta ce, "Kai Dippel, ƙaryar da ka yi yau ko kare ba zai ci ba." Ba ta iya dogon jawabi ba, sai dai nacin tsiya. Ta nace har hukumar gunduma ta sa masana'antar ta gyara bututunta. Ta nace har aka daina fesa maganin ciyawa a gefen hanya. Ta sa aka kawo manyan durom na tara kwalabe, ta kuma tsaya a kansu ranar Asabar tana koya wa dattawa bambancin koriyar kwalba da mai ruwan ƙasa. A bazara ta biyu yara suka ga ƙananan kifaye a ƙarƙashin gada, suka ruga suka gaya mata. Ta ce ai ta riga su gani, amma duk yinin ranar tana tuƙi tana waƙa.

Ana saura 'yan watanni rabin wa'adinta ya cika, sai gunduma ta aiko da shirin faɗaɗa hanya. Za a sare itatuwan tuffa duka, hagu da dama, a shimfiɗa kwalta mai faɗi. Amma itatuwan a kan ƙasar ƙauye suke, sai majalisa ta yarda. Ƙauye ya rabu biyu, har a coci ana zama ɓangare-ɓangare. A majalisa biyar suna tare da Dippel a kan a sare, biyar sun ce ba za a taɓa ba. Ta goma sha ɗaya ita ce kujerar Ƙungiyar Rafi. Aka sa ranar ƙuri'a a tsakiyar Satumba, alhali wa'adin Hiltrud ƙarshen Agusta zai ƙare. Masu cewa Dippel da gangan ya zaɓi ranar ba su yi masa ƙazafi ba.

Na bayanta a jeri shi ne Eckehard Pfaff, kafinta mai kiwon zuma, dogo shiru-shiru, wanda ya shiga ƙungiya saboda feshi yana kashe masa ƙudan zuma. In an yi taro sai ya zauna a lungu ya naɗe hannu, in an tambaye shi ya ce, "Haka ne," ko ya ce, "Ban sani ba tukuna." Babu wanda yake da abin faɗa a kansa. Sai dai kowa a ƙauyen ya san abu guda. Shekaru da yawa da suka wuce ƙaninsa Jochen, yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya taho a kan babur ya kasa shan babbar kwana, ya daki itacen gidan su Hiltrud, ko shurawa bai yi ba. Tun daga ranar Eckehard bai sake bin hanyar ba. In zai je gari sai ya zagaya ta daji, ta wasu ƙauyuka biyu, ko da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa.

Akwai kuma abin da ya ƙara wa ciwon gishiri. A kakar shekarar da yaron ya mutu, mahaifin Hiltrud ya ɗauki tsaninsa ya je ya girbe itacen kamar kullum, yana cewa itace bai tashi daga inda yake ya tare kowa ba. Gaskiya ya faɗa, amma ba kowace gaskiya ake faɗa kusa da sabon kabari ba. Uwar su Eckehard ba ta sake gaishe shi ba har ta koma ga Mahaliccinta. 'Ya'yan sun ci gaba da gaisawa, suna zama ɗaki ɗaya a taro, amma maganar itacen ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Mu nan haka muke, muna iya shekara ashirin muna hira da mutum a kan ruwan sama don kada mu taɓa abin da ke ransa.

Gundula ce ta fara zuwa. Ta sami Hiltrud a kicin tana fere dankali, ta ƙi zama.

"Hiltrud, wata ɗaya kawai. Ki zauna har a yi ƙuri'a, washegari ki sauka. Doka tana bayanki, kujerar taki ce har shekara huɗu, babu mai iya ɗaga ki."

"Wace ce ta ce kujera tana lalata mutum?"

"Ni ce. Amma ai ban san za a zo nan ba."

"To da kin sani fa? Da sai ki ce tana lalata mutum ban da watan Satumba?"

Gundula ta ja kujera ta zauna a ƙarshe. Ta sassauta murya. "Ki bar wasa. Kin san me zai yi. Mutumin da ya kasa ko kallon itatuwan nan, shi za ki miƙa wa wuƙa? Itace sama da ɗari, Hiltrud. In an sare su, alkawarinki zai mayar da su?"

Tambayar ta shigi Hiltrud. Ta ci gaba da fere dankali har ya fi ƙarfin tukunya. Da Gundula ta tafi, Ottmar ya leƙo daga inda yake laɓe da jarida.

"Baƙi za mu yi ne, ko duk majalisa za ki ciyar?"

"Kai me ka gani?"

"Ni me na sani, minista? Abin da na sani, in kin zauna ba za ki yi barci ba, in kin sauka ba za ki yi barci ba. Ko ta yaya dai ni ne zan sha juye-juye."

Dippel ma bai bar ta ba. Ya tare ta a tashar bas yana murmushi har kunne. "Frau Sauerbier, na ji ana shirya miki liyafar sallama. Ko kuwa kujerar ta fara daɗi?" Ta rufe ƙofar bas saura kaɗan ta kama masa hanci.

Gaskiyar magana, kujerar ta yi daɗi, kuma wannan ne ya fi ba ta haushi. Tana son itatuwan, amma tana son zaman ma, tana son a ce "Frau Sauerbier tana da magana" ɗaki ya yi tsit. Ta rasa gane wanne ne yake ce mata ta zauna, son tuffa ko son kujera, kuma duk sa'ad da ta ɗora su a sikeli sai ta ga hannunta a kan ɗaya.

Wata Asabar ta ɗauki kwalba ta nufi gidan Eckehard. Ta same shi a bayan gida wajen amyoyinsa, da hular raga a kai.

"Zuma na zo saya."

"Wadda kika saya makon jiya ta ƙare?"

"Ottmar yana sha kamar ruwa."

Ya cire hular, ya karɓi kwalbar, bai nufi ɗaki ba. Ya ce, "Tambayata kika zo yi."

"Na ce maka zuma na zo saya."

"Ban san abin da zan yi ba, Hiltrud. Da na sani da na gaya miki." Ya juya kwalbar a hannunsa. "In kina so ki zauna, ki zauna. Ba zan ce komai ba. Kowa zai gane dalili."

Nan ne ranta ya ɓaci, ba ta kuma san da wa take fushi ba. "Ai matsalar ke nan, kai ba ka taɓa cewa komai. Kowa zai gane dalili, wato kowa zai ce Eckehard ba a ba shi amana, ɗan'uwansa ya mutu, hankalinsa ba ya wurin. A gabanka za a faɗa da ido, kai kuma ka naɗe hannu ka ce haka ne."

Ya nufi ɗaki. Ya shiga ya cika mata kwalbar, ya ƙi karɓar komai. A hanyar gida ta gane cewa bakinta ya riga zuciyarta yanke hukunci. Mutanen da suka zaɓe su sun ga sunansa a ƙarƙashin nata, sun kuma san labarin Jochen sarai, ba a ɓoye musu ba. In akwai wanda ya cancanci a ji ta bakinsa a kan hanyar nan, to shi ne, kuma ƙauye guda yana ta ambaton ƙaninsa a muhawara ba tare da an tambaye shi ba.

A zaman ƙarshe na Agusta ta miƙe ta ce wa'adin da ta yi alkawari ya cika, ta sauka. Ta tattara takardunta ta sauko matakala. Gundula ta yi kwana da kwanaki ba ta gaishe ta ba. Hiltrud ta ji zafin rabuwa da kujerar ƙwarai, ta kuma ji tsoron abin da ta jawo wa itatuwan, amma ta yi barci, har Ottmar ya yi ƙorafin minshari.

Ana saura 'yan kwanaki ƙuri'a, ta tsaya a tasha da bas ɗin hantsi, wanda ba ya ɗaukar kowa sai tsofaffi biyu-uku. Sai ga Eckehard a tsaye, da rigarsa ta zuwa coci. Ya hau, ya zauna a kujerar da ke bayanta. Tsofaffin suka bi shi da kallo.

"Ina zuwa?" in ji ta, kamar ba ta sani ba.

"Ba zan ɗaga hannu a kan hanyar da ban gani ba," ya ce.

Ta ja bas a hankali. Itatuwan sun yi nauyi da 'ya'ya, rassa suna shafar rufin mota. Ta madubi tana ganinsa, ya kama ƙarfen gabansa da hannu biyu, yana kallon waje.

"Sun girma," ya ce.

"Sun tsufa dai, kamar mu."

Da suka doshi babbar kwana ta rage gudu, ta danna ham sau biyu kamar yadda take yi kullum, ba tare da ta yi tunani ba. Ga itacen nan, da alamar fentin gidansu, ɓawonsa ya daɗe da rufe tabon. Eckehard ya dube shi har suka wuce, ya juya yana dubansa ta gilashin baya. Can ya ce, "Me ya sa kika yi ham?"

"Sabo ne."

"Hiltrud, daga inda kike zaune, kina ganin abin da ke tahowa a kwanar nan?"

Ta so ta ce tana gani. Kalma ɗaya ce, babu kuma wanda zai ƙaryata ta, don duk ƙauyen babu wanda ya san hanyar kamarta. Ta riƙe sitiyari gam.

"Ba na gani," ta ce. "Ukun nan suna tare ido. Namu ya fi tarewa. Shekara da shekaru da kunne nake shan kwanar nan."

Ya gyaɗa kai. Ya bi ta har gari, kuma da bas ɗinta ya dawo.

Ranar ƙuri'a ɗakin ya cika har matakala. Hiltrud ta zauna a bencin baya na 'yan kallo, inda ba a yarda mutum ya yi ko tari mai ma'ana ba. Ta zauna a kan hannuwanta don kada su yi abin da suka saba. Dippel ya karanta shirin gunduma, aka yi ta maimaita abin da aka riga aka faɗa sau ɗari, wani daga ɓangarensa ya sake ambaton "yaron gidan Pfaff". Sai Eckehard ya ɗaga yatsa. Dippel ya gyara tabarau da fara'ar wanda ya ga kaza ta shigo akurki da kanta.

Eckehard ya miƙe ya ce, "Sunansa Jochen. Ni ne yayansa, kuma ina nan zaune, in akwai mai tambaya." Babu wanda ya motsa. "Na je na ga hanyar. Itatuwan ba su yi wa kowa komai ba, ban ga dalilin sare su ba. Hanya mai faɗi gudu take koya wa yara. Amma uku na kan kwana suna tare ido, wadda ta fi kowa sanin hanyar ta tabbatar mini. A sare ukun nan, a sa alamar rage gudu, a bar sauran. In ba haka ba, ba ni tare da kowa a cikinku."

Ya zauna. Tsawon zamansa a ƙungiya ba a taɓa jin ya jera magana haka ba. Aka yi ta kallon-kallo. Masu son itatuwa suka ga in sun ƙi za su iya rasa duka, wani manomi daga ɓangaren Dippel, wanda matarsa ta yi masa kashedi tun daga gida, ya ga ƙofar fita. Hannuwa suka tashi, shawarar Eckehard ta wuce da rinjaye. Dippel ya cire tabarau ya goge, ya mayar, lissafin dai bai canza ba.

A bakin ƙofa Gundula ta kama hannun Hiltrud. "Da kin zauna, da ko reshe ba a taɓa ba."

"Na sani."

"Kuma naki ne a ciki."

"Shi ma na sani, Gundula. Ni na gaya masa."

Hiltrud ta yi kuka a ranar, a cikin bas, bayan ta ajiye shi a gareji, don itacen kamar ɗan gida yake a wurinta. Amma ba ta taɓa cewa da na sani ba. Ba ta sake tsayawa takara ba, ko da aka roƙe ta. Ƙa'idar rabin wa'adi ma bayan 'yan shekaru ƙungiyar ta yar da ita, aka ce ba ta da amfani, mutum yana fara gane aiki sai a ce ya tashi, kuma wataƙila gaskiya ne. Gundula ta yi gaba har majalisar gunduma, ta daɗe a can ƙwarai, Ottmar kuwa bai taɓa barin ta ta manta da wannan ba. Hiltrud ta ci gaba da tuƙinta a ƙarƙashin itatuwan har ta yi ritaya, tana zagin rassan da ke karce mata fenti.

Sai hunturu za a yi saran, don haka ukun nan sun sami kaka ɗaya ta ƙarshe. Itacen gidan su Hiltrud ya yi 'ya'ya a shekarar kamar an gaya masa. Ranar girbi ciwon baya ya kama Ottmar da gaske, ta bar shi kwance yana ba da umarni, ta ɗora tsani da buhuna a amalanke ta tafi ita kaɗai. Ta jingina tsanin, ta hau, ƙasar wurin ba daidai take ba, yana ta rawa a ƙarƙashinta. Tana can sama tana miƙa hannu sai ta ji ya tsaya cak. Ta leƙo ta cikin ganye, ta ga Eckehard ya riƙe shi da hannu biyu, ya taka matakin ƙasa da ƙafa ɗaya, kekensa a kwance cikin ciyawa.

Ta ci gaba da tsinka tana cika jakar da ke wuyanta, in ta cika ta miƙo masa ya juye a buhu. Da za a matsar da tsani shi ya ɗauka ya zagaya da shi, ya kafa shi daidai gefen da tabon yake, ya dafa gindin itacen da tafin hannu don ya gwada ko ya zauna. Hannun ya ɗan daɗe a wurin.

Da suka cika buhu na ƙarshe ta sauko, suka zauna a bakin amalanke. Ya ɗauki tuffa ɗaya ya goge a rigarsa, ya jujjuya ta, ya gatsa. Fuskarsa ta yamutse gaba ɗaya.

"Kai, wannan ai tsami ne zalla."

"Dama ba na ci ba ne, na matsewa ne. Sai ya kwana biyu a tulu yake yin daɗi."

"Duk shekarun nan ina zaton wani abin kirki ne mahaifinki ya kasa haƙura da shi."

Dariya ta kuɓuce mata, ta toshe baki, sai ta ga shi ma kafaɗunsa suna rawa, idanunsa sun cika da ruwa, bai kuma goge ba. Ya sake gatsa, ya tauna a hankali, ya cinye ta har ƙwallo.

"In an matse, ki aiko mini da kwalba ɗaya," ya ce.